Kwamfutar da Ke Yi wa Malam Bukar Magana

Ran nan ina zaune a bakin shagona a Sabon Gari, na buɗe cikin wata tsohuwar kwamfutar tebur ina share mata fanka, sai ga ɗaya daga cikin samarin nan masu rataye filash, 'yar ma'ajiyar nan da ake zurawa a kwamfuta, a wuya kamar laya. Ya leƙo ya ce, "Baba Injiniya, har yanzu kana nan kana wahalar da kanka? Ai sa manhaja yanzu danna-danna ne. Ka zura filash, ka danna nan, ka danna can, kafin shayinka ya huce an gama." Abokansa suka kwashe da dariya. Ban tanka masa ba, don da na buɗe baki a lokacin, abin da zai fito ba zai yi daɗin ji ba. Amma maganar ta tsaya mini a rai, ita ce ta sa na zauna na rubuta wannan. Ku da kuke ganin aikinmu danna-danna ne, da ku nake. Na sauya sunayen wasu da zan ambata, za ku ga dalili a gaba.

Bari in fara da abin da ba ku taɓa gani ba. Hotunan nan da 'yan akwatuna masu launi da kuke kallo a sikirin, ado ne kawai. A ƙarƙashinsu akwai abin da muke kira kanel. Shi ne yake fara farkawa in an kunna inji, shi ne yake magana da faifan ajiya, da kibod, da duk wani ƙarfe da aka jona. Kowane ƙarfe kuma da yarensa, sai da direba, wato 'yar manhajar da ke yi wa kanel tafinta. Kanel ɗin da ke cikin filash ɗinku rigar kanti ce, an ɗinka ta don kowa. Ni aikina in ɗauko asalin rubutunsa, na manhajar nan da aka bar wa kowa ya buɗe cikinta ya gyara, in auna injin mutum, in yanka masa nasa. Tambayoyi ne rututu, kowacce sai ka amsa: wannan direban a ɗinke shi a jikin kanel, ko a ajiye shi gefe sai an buƙata, ko a bar shi kwata-kwata. Ka kuskure ɗaya, inji zai taso ya tsaya cak, ya zubo maka farin rubutu a baƙin sikirin, ko ka danna me ba zai kula ka ba. Wannan shi muke cewa kanel ya firgita.

Na koyi aikin nan a hannun Oga Bitrus, mutumin wajen Zariya, mai shago a wani lungu bayan masu sayar da rediyo. Ran da mahaifina ya kai ni, na zaci za a zaunar da ni gaban sikirin. Ina! Burushi ya miƙo mini da sukundireba, ya nuna mini tulin injuna na hannu da aka sauke, ya ce in kwance kowanne in share in mayar. Na daɗe ina wannan kafin ya yarda in taɓa kibod. Da ya yarda kuma, sai ya fito da wata ɗabi'a da na ɗauka tsabar mugunta ce. In na gama haɗa inji zan kunna, sai ya taso ya juya sikirin ya fuskanci bango.

"Sani, faɗa mini abin da yake yi."

In ce, "Oga, ai ba na gani."

Ya ce, "Kunnenka fa? Aro ka ba da shi?"

Haka na koyi sauraren inji. Na san ƙarar da yake yi in ya tashi lafiya, da wadda yake yi in ƙwaƙwalwarsa ba ta zauna daidai ba. Na san ƙugin faifai in yana karatu, na kuma san irin shirun da ke nuna kanel ya firgita. Oga Bitrus mutum ne mai haƙuri, amma in kana son ya jefe ka da takalmi, to ka taɓa injin mutum kafin ka tambaye shi abin da yake yi da shi. In kuma kana son ya kore ka gida, ka share tsohon kanel kafin sabon ya nuna halinsa. Kullum sai mun bar tsohon a gefe, don in sabon ya ƙi, a samu inda za a koma.

Aikin farko da na yi ni kaɗai na wani gidan intanet ne a Fagge. Injunansa tsofaffi ne, ka danna abu ka je ka yi alwala ka dawo bai buɗe ba. Mai wurin har ya fara neman wanda zai kwashe su. Na zauna na rage wa kanel ɗinsu duk wani kaya da ba sa buƙata, na bar musu abin da ke jikinsu kawai. Bayan ka gama amsa tambayoyi sai ka bar inji ya haɗa kanel ɗin da kansa, Oga Bitrus girki yake kiran wannan. A wancan zamani girki na cin sa'o'i, inji ya yi zafi har ka ji tsoron taɓa shi. Sai in cire masa murfi in juya masa fankar tsaye, ni in zauna ina gumi. Ana dab da gamawa a ɗauke wuta, ka koma ka sake ɗorawa. Ga mai wuri a kanka yana cewa, "Injiniya, ai ƙaramin abu ne, ko?" Duk wanda ya taɓa kawo mini aiki sai ya ce ƙaramin abu ne. Injunan nan sun ƙara shekaru suna aiki, yara na zuwa duba sakamakon jarrabawa a kansu, babu wanda ya san an taɓa cikinsu.

To amma aikin da nake so ku ji shi ne na Malam Bukar. Dattijo ne a Fagge, kakanninsa daga Borno suka zo suka zauna. Idonsa ya tafi tun yana saurayi, amma ya yi karatu mai zurfi, Turanci da Hausa duk a bakinsa suke. Wani ɗan'uwansa ya kawo masa wata 'yar akwati daga waje, ba ta fi sandar sabulu girma ba, wadda ake jonawa a bayan kwamfuta ta wata tsohuwar kafa mai haƙora tara. Aikinta ta karanta duk abin da ke sikirin da murya. An kai ta wurin masu gyara iri-iri, kowa ya jona ya ji shiru ya ce ta mutu. A ƙarshe aka kawo ta shagonmu, Oga Bitrus ya juya ta ya duba, ya miƙo mini ya ce, "Ga wanda zai gane amfanin juya sikirin bango."

Na fara da tambayar Malam Bukar abin da yake so. Ya ce, "Injiniya, abu ɗaya ne. Ba na son in kira yaro in ce zo ka duba mini. Na gaji da jiran idon wasu." Wannan maganar ita ce awon da na yi aiki da shi. Akwai direban murya da ya dace da akwatin, amma in na ajiye shi gefe, ba zai yi magana ba sai inji ya gama tashi. In wani abu ya lalace a hanya fa? Malam zai zauna gaban shiru bai san abin da ya faru ba. Don haka na ɗinke muryar a jikin kanel ɗin kansa, yadda da zarar ya farka zai fara faɗin abin da yake yi. Na cire duk wani ado, na bar rubutu zalla. Na kuma gwada komai sikirin a kashe, daga kunnawa har kashewa, don haka mai injin zai yi amfani da shi.

Ran da akwatin ta fara magana a ɗakinsa, muryar kamar ta mai mura da ya sa kai a bokiti. Matarsa, Hajiya Falmata, ta leƙo a tsorace. Malam kuwa ya ɗora yatsunsa a kibod ya rubuta sunansa, akwatin ta faɗa masa. Ya share ya sake rubutawa, ta sake faɗa. Kafin wata ya zagayo ya ƙara mata sauri har ni ba na gane abin da take cewa, shi kuma yana kaɗa kai. Daga baya ya sayi iyafis, abin sawa a kunnen nan, ya jona a jikinta don kada ya dami mutanen gida. Ba a jima ba ya samu aiki da wani gidan rediyo mai zaman kansa. Kullum da safe su turo masa labarai da Turanci ta imel, ya mayar da su Hausa, ya tura musu kafin labaran rana. Bayan ya karya sai ya yi wanka, ya sa babbar riga da hula, ya fesa turare, ya zauna gaban injin kamar mai zuwa ofis. In an fara labarai ya kunna rediyo ya ji ana karanta Hausarsa ga duk Kano. Shekara da shekaru yana wannan, babu wanda ya taɓa duba masa komai.

Sai muguwar shekararmu ta zo. Waya ta shiga hannun kowa, gidajen intanet suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Masu kawo mana injuna suka koma kawo wayoyi. Oga Bitrus ya tattara ya koma gida noma. Ni na riƙe shagona har na ga ba zan iya ba, na sayar da mitar awon wuta, na sayar da janareta, na sayar da injin da nake girki a kansa, na rufe ƙofa. Na koma bakin titi a Bata na kafa tebur ina sayar da rigar waya da caja. Mutumin da ke ɗinka kanel, ga shi yana manna gilashi a fuskar waya, yarinya na yi masa tsawa wai ya bar mata kumfa a gefe.

A wannan teburin Hajiya Falmata ta same ni wata safiya, ta sauko daga adaidaita sahu tana haki. Ta ce ta je shago ta tarar a rufe, sai da ta yi ta tambaya.

"Injiniya, don Allah ka zo ka ga Malam. Amma kada ka ce ni na kira ka."

Na ce, "Hajiya, lafiya? Injin ne?"

Ta ce, "Injin ne, kuma ba injin ba ne."

Ta ba ni labari. Surukinsu, mijin 'yarsu, Alhaji Nasiru, mai sayar da shadda a Kantin Kwari, mutum ne mai son kyautata musu. Duk zuwan da zai yi gaisuwa sai ya ga baƙin sikirin da farin rubutu, abin yana damunsa, wai yaya za a ce surukinsa na fama da kayan da. Ran da Malam ya tafi ta'aziyya ƙauye, sai ya sa aka ɗauki injin aka kai wa wani yaro mai gyara a kasuwa, don ya yi masa bazata. Yaron ya yi masa fomat, wato ya share faifan tas, ya zuba sabuwar manhaja daga filash. Ya sa hoton jikan Malam a sikirin. Aka dawo da inji aka ajiye a mazauninsa, aka lulluɓe da sabon mayafi. Malam ya dawo, Alhaji Nasiru ya durƙusa ya ce, "Baba, ga 'yar hidima na yi maka, an sabunta maka kwamfutarka." Malam ya kunna, ya ji shiru. Ya ce, "Madalla, Alhaji. Allah ya yi albarka."

Na ce, "To bai gaya masa ba?"

Ta dube ni kamar na yi saɓo. "Ya gaya wa surukinsa ya ɓata masa abu? Da wane bakin? Ai ka san Malam."

Na sani. A gidan nan ko sunan Alhaji Nasiru Malam ba ya kamawa, saboda kunya. Kuma bai kira wani mai gyara ba, don in aka ga mai gyara ya shigo, magana za ta koma Kwari cewa kyautar Alhaji ba ta yi ba. Ya buga wa gidan rediyo ya ce ba ya jin daɗi, su ba shi 'yan kwanaki. Kwanaki suka zama makonni. Hajiya ta ce sun fara kira suna cewa in ba zai iya ba ya faɗa musu su nemi wani.

Na bar wa maƙwabcina tebur na bi ta. Abin da na tarar har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Malam Bukar na zaune da babbar rigarsa da hularsa, ƙamshin turare ya cika ɗakin, iyafis a kunnensa, yatsunsa a kan kibod. Sikirin na nuna hoton wani jariri yana dariya. Iyafis ɗin nan babu abin da ke fitowa daga cikinsa. Haka yake zama kullum da safe, don duk wanda ya leƙo ya ga yana aiki.

Na yi sallama. Ya gane muryata nan take. "Injiniya? Falmata ce ko?" Na ce hanya ce ta biyo da ni. Ya yi murmushi ya ce, "Hanyar ta kyauta."

Na duba injin. Zan faɗi gaskiya, yaron ya kwashe fayilolin Malam ya mayar masa, ko ɗaya bai ɓata ba. Duk abin da ido ke gani ya kiyaye. Abin da ido ba ya gani shi ya share, wato kanel ɗin da na ɗinka, da tsohon da na bari a gefe, da amsoshin tambayoyin da na ajiye a ciki. Akwatin muryar kuwa ya jona ta yadda ya gan ta, bai tambayi mece ce ba. An kawo maka inji da wata baƙuwar akwati a bayansa, babu maus, sikirin ɗinsa ya yi ƙura don ba a kallonsa, amma ba za ka ce wa ya kawo, me yake yi da shi ba? Haba! Ko mai aski yana tambaya kafin ya sa aska.

Na ce, "Malam, yanzu zan je Kwari in sami Alhaji. Daga can ya kai ni wurin yaron nan."

Ya ce, "Zauna, Injiniya."

"Malam, aikinka fa ake shirin ba wani!"

"Na ce ka zauna." Bai ɗaga murya ba. "Mutumin nan alheri ya yi niyya. 'Yata tana gidansa. In ya ji abin da ya faru, ba zai sake iya haɗa ido da ni ba, ko da yake ni ba ido gare ni ba." Ya ɗan yi dariya. "In za ka gyara, ka gyara. Amma injin ba zai fita daga ɗakin nan ba, kuma hoton yaron nan da aka ce an sa, ka bar shi yadda yake. In Alhaji ya shigo, ya ga kyautarsa."

Ku masu filash, ku ji irin aikin da aka ba ni. In ɗinka sabon kanel a ƙarƙashin manhajar da wani ya zuba, ba tare da fuskarta ta sauya ba. In yi shi a ɗakin mutum, a kan tsohon injinsa, da safe kawai lokacin da Alhaji ke kasuwa. Ba ni da mita, ba ni da janareta, kwafin amsoshina kuma ya tafi da injin da na sayar. Da sukundireba na je, da faifan ceto, wato wanda ake tayar da inji da shi in ya ƙi tashi, sai aron maus daga maƙwabcina.

Girkin farko wuta ta katse shi. Na biyu ya ƙare lafiya, na kunna, kanel ya taso ya firgita. Sabuwar manhajar ta tsara faifan da wani salo da ban saba da shi ba, direbansa kuma yana gefe, ba a jiki ba, don haka kanel ya farka bai ga faifan da zai karanta ba. Na koma ta kanel ɗin yaron, wanda na bari a gefe duk da haushinsa da nake ji, na gyara amsar, na sake ɗorawa. Hajiya ta kawo fankarta ta ɗaki muka juya wa injin. Malam na zaune yana jan carbi, lokaci-lokaci ya ce, "Ya nuna?" In ce da saura.

Washegari inji ya tashi lafiya, amma akwatin shiru. Na canza waya, shiru. Na sa kunne a jikinta, tana da rai. Na bi rubutun da kanel ke bari na abin da ya gani a hanya, layi bayan layi, sai na lura ko ambaton kafar mai haƙora tara bai yi ba, kamar babu ita a duniya. Na shiga saitin jikin inji, wanda ake shiga kafin kanel ya farka. Ashe yaron ya kashe kafar daga can, wataƙila ya ji an ce kashe abin da ba a amfani da shi yana ƙara gudu. Na kunna ta. Akwatin ta yi magana, amma surutai marasa kai, don saurin da kanel ke aika mata ya saɓa da wanda take ji. Na daidaita. Sai kuma fuskar mai hoto ta riƙa ƙwace kibod da zarar inji ya gama tashi, murya ta ɗauke. Wannan ya ci mini wata safiyar. A ƙarshe na tsara shi ya riƙa tashi a ɓangaren rubutu, inda murya take, na koya wa Malam maɓallai uku da zai danna tare in ya ji sallamar Alhaji, hoton jariri ya fito.

Na kashe sikirin na ce, "Malam, kunna da kanka." Ya laluba ya danna. Faifai ya yi ƙugi, sai ga muryar mai murar nan ta cika ɗakin tana faɗin abin da kanel ke yi. Hajiya ta ce alhamdu lillahi daga bakin ƙofa. Malam ya ɗora yatsunsa a kibod. Ya rubuta sunansa, ta faɗa masa. Ya ƙara mata sauri. Sannan ya ciro wayarsa ya kira gidan rediyo, ina zaune.

"Salamu alaikum. Bukar ne. E, na samu sauƙi, alhamdu lillahi. Gobe in Allah ya kai mu a turo mini." Ya saurari abin da ake faɗa masa. Na ga yatsunsa sun sauka daga kan kibod. "To. To, madalla. A'a, ba komai, ai kun yi haƙuri da ni. Allah ya taya shi riƙo."

Ya ajiye wayar. Ya ce, "Sun ɗauki wani tun makon jiya."

Wallahi ji na yi kamar in ɗaga sikirin ɗin nan in maka da ƙasa. Na miƙe na ce wannan karon ko ya hana ni sai na je Kwari. Ya kamo hannun rigata, ban san yadda ya gano inda yake ba. Ya ce, "Injiniya, da can ma ban yarda ya sani ba, balle yanzu da abin ya kai haka? Ka yi mini alƙawari." Na tsaya ina huci. Ya ce, "Ina jira." Na yi masa alƙawari.

Abubuwa sun ɗan daidaita daga baya. Na sake buɗe shago, don har yanzu akwai masu injin ɗab'i da masu injin surfani da tsofaffin kwamfutocinsu ba sa jin yaren filash. Nakan bi ta gidan Malam Bukar lokaci-lokaci da sunan gaisuwa, in share wa injin fanka, in duba ko kanel na nan lafiya. 'Ya'yansa sun ɗauke masa cefane, ba yunwa yake ji ba. Amma har yau bayan ya karya sai ya yi wanka, ya sa babbar riga, ya fesa turare, ya zauna. Ya buɗe labaran duniya da Turanci, ya mayar da su Hausa, ya ajiye a faifai. Ba ya tura wa kowa. Ban da ni da Hajiya, duk dangi sun ɗauka yana nan da aikinsa.

Zuwana na baya-bayan nan, ina durƙushe a bayan injin da burushi, sai muka ji sallama. Malam ya danna maɓallansa uku, hoton jariri ya fito, jaririn da yanzu ya shiga firamare. Alhaji Nasiru ya shigo ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, ana ta aiki?"

"Ana ta aiki, Alhaji."

Ya juyo gare ni da fara'a. "A'a, Injiniya! Kai ma ka ga yadda take sheƙi ko? Tun da yaron nan ya gyara ta ba ta sake ba Baba matsala ba. In aiki ya yi maka yawa ka gaya mini in haɗa ku, yaron akwai hannu."

Na buɗe baki. Na ga Malam ya ɗan juyo da kunnensa wajena. Na ce, "Allah ya yi albarka, Alhaji."

Da ya fita, Malam ya mayar da injin ɓangaren rubutu. Ina jiyo 'yar muryar nan daga iyafis tana karanta masa Hausarsa, Hausar da ta fi wadda ake karantawa a rediyo yanzu nesa ba kusa ba. Na tattara burushina zan yi masa sallama, sai ya ɗaga mini hannu.

"Yi mini uzuri, Injiniya. Bari in ƙarasa wannan kafin lokacin labarai."

To kai mai filash a wuya, gobe in an kawo maka inji, kafin ka danna komai ka tambayi na wane ne, da abin da yake yi da shi. Shayinka ya huce ɗin.